Juma'ar Na Allah a Cikin Kwantena

Na Allah kafinta ne a Gidan Amumune, mutum mai tsabtar aiki da taurin kai. Atiliyarsa, wato wurin aikinsa, tana can bakin gari, gefen hanyar Mayahi: rumfar kwano, teburin aiki, sai wata tsohuwar kwantena ta ƙarfe da ya sa aka ɗauko masa daga Maraɗi bayan ɓarayi sun fasa ɗakin ƙasan da yake ajiye kaya. A cikinta ya kafa kantoci tun daga bakin ƙofa har ƙurya, kowane kayan aiki da mazauninsa. Kwaɗon ƙofar kuwa sai da ya sa aka yi masa gida na ƙarfe mai kauri, yadda guduma ko zarto ba za su kai gare shi ba. Duk baƙon da ya zo, sai ya kai shi ya nuna masa wannan gida.

Bara ƙanensa Yusha'u ya dawo daga Aljeriya, ya shigo atiliyar da injinansa masu batiri, rawaya, ɗaya na huda, ɗaya na yankan ƙarfe. Na Allah kuwa yana da nasa injin hudan, shuɗi, wanda ya daɗe yana aiki da shi. Batirin wannan ba ya shiga wancan, haka ma bakin masu su bai taɓa zuwa ɗaya ba. Yusha'u ya ce shuɗin ya tsufa, gara a sayar a koma iri guda, batiri ɗaya ya tashi kowane inji. Na Allah ya ce rawayan ƙara ce kawai da kyan fenti. Har kan ajiya suna musu: Yusha'u yana son akwatunan roba masu taya da za a ɗaura a moto, wato babur, a tafi ƙauye aiki, Na Allah ya ce kayan aiki ba ayaba ba ce da za a riƙa yawo da ita.

Ran wata Juma'a cikin bazara musun ya yi zafi da safe, har Na Allah ya ce ko kyauta aka ba shi rawayan ba zai taɓa shi ba. Ya kaɗe rigarsa ya ce ya tafi gida. Amma bai kai gida ba. Da ya hango Yusha'u ya shiga gari neman esans, man moto, sai ya dawo, ya ajiye wayarsa ta salula a kan tebur, ya shige ƙuryar kwantena bayan jingin katakai. Ya ɗauko injinan hudan biyu da guntun icen kirya mai tauri. So yake ya gani da idonsa, ba kowa a kansa. Ya huda da shuɗin, ya huda da rawayan. Ya sake. Rawayan ya fi sauri, ba shakka, ya kuma fi sauƙi a hannu. Abin ya ba shi haushi, ya yi ta maimaitawa ko zai kama shi da aibi, har batirin rawayan ya fara ja da baya.

Yana cikin haka ya ji tsayuwar moto, sannan muryar ƙanensa daga bakin ƙofa.

"Yaya? Kana ciki?"

Na Allah ya dubi abin da ke hannunsa. Ya yi tsit. A ransa ya ce bari yaron ya ɗauki abin da ya zo ɗauka ya wuce.

Sai hasken ya yanke. Ya ji ƙarar sandunan ƙofa suna shiga mazauninsu, ya ji kwaɗo ya ce ƙas. Ko a lokacin ma sai da ya ɗan jinkirta, yana neman abin da zai ce. Kafin ya tsallake katakai cikin duhu ya kai bakin ƙofa, moto ta tashi. Ya buga da tafin hannu, ya kira sunan Yusha'u da iyakar ƙarfinsa, amma ƙarar moto ta shanye muryar, ta yi nisa, ta ɓace wajen Mayahi.

Da farko haushi ya ji, ba tsoro ba. Ya yi ta dukan bango da guduma, yana tsayawa yana saurare. Ba kowa. Can ya jiyo lasifikar masallaci, liman ya fara huɗuba, sai ya gane duk namijin da zai iya bi ta hanyar nan yana can zaune a sahu.

Rana ta take tsaka a kan rufin ƙarfe. Ya ɗora hannu a bango ya janye da sauri. Warin fenti da gam da ƙurar katako, wanda kullum yake shaƙa bai damu ba, yau ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya tuɓe riga. Gumi ya riƙa bin ƙafafunsa yana shiga takalmi. Wurin da ya san kowane taku nasa ya zama baƙo: ya yi karo da kanta, gwangwanin ƙusoshi ya zube, ya taka ɗaya. Ya zauna a ƙasa yana numfashi da baki, iskar da yake ja kamar ba ta isa ƙirji.

Sai ya tuna da injin yankan ƙarfen Yusha'u. Ya lalubo shi a kanta, ya zare batirin daga injin hudan rawaya ya sa masa. Faifan ya juya, ya taɓa bango, ya yi tartsatsi kaɗan, ya tsaya. Ya sake matsawa, ko motsi. Shi da kansa ya shanye batirin a jikin icen kirya. Ya gwada cusa batirin shuɗin, ya juya shi ta kowace fuska, ya san ba zai shiga ba amma ya yi ta turawa har fatar yatsansa ta saluɓe.

Abin da ya rage masa shi ne shuɗin. Da ɗan hasken da ke goshin injin ya nemo bakin huda ƙarfe, ya zaɓi bangon da ke fuskantar rumfa, ya danna. Da bakin ya fasa, wani siririn haske ya shigo kamar zare. Ya huda na biyu, na uku, ya manna hanci a jiki duk da ƙunar ƙarfen. Ta hudar yana ganin teburinsa, da salularsa a kai, da butar ruwa a gindin tebur. Taku kaɗan ne tsakaninsu.

Bai san iyakar zaman da ya yi a nan ba. Kansa ya fara sarawa, gumin ma ya ragu, wannan kuwa ya fi komai ba shi tsoro. Yana ta karanta abin da ya zo bakinsa sai ya ga zane mai ruwan ganye ya gitta. Binta ce, matarsa, ɗauke da kwanon fura, ta biyo sawu don bai je gida ya yi wankan Juma'a ba.

"Binta!" Muryar ta fito a shaƙe. Ya buga bango.

Ta zabura har fura ta zube mata a zane. "Innalillahi! Wane ne?"

"Ni ne. Matso nan, wajen hudojin nan."

Ta matso, ta sa ido a huda, ba ta ga komai ba sai duhu. "Malam? Mi ya kai ka ciki? Wa ya rufe ka?"

"Yusha'u. Bai san ina ciki ba. Ruwa, Binta. Ruwa tukuna."

Ya faɗaɗa huda ɗaya da babban baki. Ta duba ko'ina a rumfar, ta samo siririn tiyon da Yusha'u ke zuƙo esans da shi, ta ɗauraye, ta zura ta hudar, ta ɗaga buta tana tsiyayawa. Ruwan ɗumi ne, ga ɗanɗanon mai, amma ya sha har ya ƙware. Ta ɗauki salularsa ta kira Yusha'u, kiran bai shiga ba. Ta sake, haka dai.

"Kar ki tafi," ya ce, da ya ga ta gyara mayafi.

"In ban tafi ba wa zai buɗe ka? An sallame salla, ga mutane can. Yanzu zan dawo."

Ya bi ta da ido ta hudar har ta fita daga ɗan abin da yake iya gani.

Ta dawo da Baba Attahiru maƙeri da mutane masu yawa, duk da rigunan Juma'arsu. Wasu suka hau rufin suka shimfiɗa zana, wasu suka riƙa ɗebo ruwa suna watsa wa bango, yana tashi da tururi. Baba Attahiru ya duƙa gaban kwaɗon, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa babbar guduma. Dukan farko Na Allah ya ji kamar a tsakiyar kansa aka sauke shi. Kwantenar duka ta ɗauki ƙara, kayan kantoci suna zubowa. Ya toshe kunnuwa, ya durƙusa. A duka na huɗu ko na biyar ya fasa ihu.

"Baba, don Allah ku bari! Za ku kashe ni!"

Tsohon ya zo bakin huda yana haki. "Na Allah, gidan kwaɗon nan ko kwana zan yi ba zai buɗe ba. Injin yanka ake so, wanda ke da shi a garin nan kuwa ya tafi Kona ɗaurin aure. Babu wani abu a wajenka?"

"Inji yana nan ciki. Batirinshi ya mutu."

"Wane iri ne batirin?" in ji Binta. "Akwai wani rawaya nan a rumfa, an jona shi da wayar sola, yana ta kunna koren haske."

Na Allah ya rufe ido. Batirin rawaya na biyu ne, wanda Yusha'u ya sa caji tun safe. Inji a ciki, batiri a waje, tsakaninsu bangon da bai kai kaurin farce biyu ba.

Ya ce ta auna masa faɗinsa da tafin hannu. Sannan ya fara huda, huda kusa da huda, yana zagaya wuri kamar faɗin bakin ƙwarya ƙarama. Bakin injin yana ta zamewa. Ɗaya ya karye, ya lalubo wani a ƙasa cikin ƙusoshi. A waje ba ka jin komai sai kukan injin da muryar Binta tana cewa, "Saura kaɗan, Malam, ina ganin shi." Bai kai ga rufe zagayen ba shuɗin ya fara nishi, ya juya a hankali, ya tsaya. Ɗan hasken goshinsa ma ya mutu.

"Ya ƙare," ya ce. Ya jingina goshi da katako, ya ji hawaye na son zuwa amma babu ruwan da za su zo da shi.

"Ja da baya," in ji Baba Attahiru. "Abin da ka yi ya isa."

Ya sa kurfi tsakanin hudojin yana bugawa a hankali, yana tsinke abin da ya haɗa su, har ya samu ya lanƙwasa ƙarfen ciki. Hannun maza bai shiga ba. Binta ta tuɓe awarwaronta, ta tura batirin, bakin ƙarfen ya yanke ta a wuyan hannu. Na Allah ya riƙe hannun tare da batirin, sai da ta ce, "Sake ni mana, ka yi aiki," sannan ya saki.

Kafin ya kunna sai da ya kwashe gwangwanayen fenti ya kai ƙurya, ya ce a zubo ruwa ta tiyo ya jiƙa ƙurar katakon da ke ƙasa. Sannan ya danna. Tartsatsi ya cika wurin, hayaƙi ya turnuƙe, yana tari yana yanka, yana tsayawa ya sa baki a rami ya ja iska ya koma. Ya yanka mafita a bangon, gefe uku, na huɗun mutane suka kama da rawani da tsumma suka ja har ya karye. Ya fito da kai, aka kama shi ta hammata aka zaro shi, ƙarfe ya tsaga masa kafaɗa. Suka kwantar da shi a rumfa suna masa fifita da bakin riga.

A gidan likita an ɗinke kafaɗar, an sa masa ruwa. Da ma'aikaciyar ta zo janyo ƙofar ɗakin, ya yunƙura zai tashi da allurar a hannu, sai da Binta ta sa kujera ta tokare ƙofar.

Gab da magariba Yusha'u ya iso gida, ya riga ya bi ta atiliya ya ga ramin, an kuma ba shi labari a hanya. Ya jefar da moto a ƙofar gida ba tare da ya kafe ta ba, ya durƙusa gaban tabarmar wansa.

"Yaya, wallahi na kira. Sai da na kira ka kafin in rufe."

"Na ji ka," in ji Na Allah.

Yusha'u ya ɗago ya dube shi, yana jiran sauran maganar. Na Allah ya kawar da kai. Suka zauna har aka kira salla.

Bayan an ci tuwo Binta ta gyara masa shimfiɗa a ɗaki, ta zo ta ce ya taso. Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga labule, ya tsaya yana kallon cikin ɗakin da ya gina da hannunsa. Ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya saki labulen ya koma tsakar gida.

"Kawo mini tabarmar nan," ya ce. "Nan zan kwanta."

Hadari yana haɗuwa daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen itacen bedi. Binta ta dubi sama, ta dube shi, sannan ta shiga ta fito da tabarma biyu.