Wanda Ya Bugi Bara'u Ta Baya

Duk unguwar Longsight, can ƙasar Turawa, babu wanda bai san bakin Bara'u ba. Tasi yake ja, amma in ka shiga motarsa daga Stockport Road zuwa Rusholme sai ka sha labarin yadda ya tuƙa bas a Kano, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A wajensa Turawa ba tuƙi suke yi ba, layin ganin likita suke bi.

Wata rana ya ci karo da tseren stock car a waya: motoci sanye da ƙarafa gaba da baya suna zagaye fili, wannan ya tunkuɗe wancan, jama'a na tafi. Ya ce wa matarsa, "Maman Shifa, wannan ai Ƙofar Wambai ce, kuma har kofi ake ba su." Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da yanka albasarta.

Abin mamaki, da gaske yake. Tasi ta kai masa iya wuya, ga furfura ta fara leƙowa, kuma yana tsoron ya tsufa ba wanda ya taɓa ganin abin da hannunsa ya iya. Ya yi lasisin tsere, ya sayi hular kwano, ya yi ta naci har aka haɗa shi da Baba Gamaliel, wani dattijon makanike ɗan Kafanchan mai gareji a unguwar Erdington ta Birmingham. Dattijon yana da motar tsere, ciwon gwiwa ne ya hana shi shiga.

Gamaliel ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. Ka gama tseren farko, ko na ƙarshe ka zo, motar tana hannunka har ƙarshen kakar wasa. Za a buge ka, doka ta yarda. Kome ya faru, kada ka fito sai an tsayar da tsere."

"Haba Baba, ni za a koya wa bugu?"

Ranar Asabar da rana aka jeru a wani fili a bayan Birmingham. A wannan wasa sababbi ake sawa a gaba, gwanaye a baya, amma Bara'u ya ɗauka girmamawa ce. Aka kaɗa tuta. To, a faɗi gaskiya ko da ɗaci, mutumin ya iya mota. Yana cusa hancinta inda akuya ma sai ta yi shawara, yana rufe hanya kamar gadon ubansa. Aka yi ta zagaye yana gaba.

Sai ji ya yi ƙwal ta baya. Motar ta yi tangaɗi, ta miƙe, babu abin da ya rage sai ya taka mai. Amma hali zanen dutse. Ƙafarsa da kanta ta nemi birki. Ya tsaya cak a tsakiyar kwana, ya kwance bel, ya sulalo ta taga tunda motar tsere ba ta da ƙofa, ya zagaya ya duba bamba hannu a ƙugu. Sannan ya yi wa wanda ya buge shi daƙuwa, ya tsaya yana jiran jama'a su taru a raba gardama, yadda aka saba.

Jama'a kuwa sun taru. Jajayen tutoci suka tashi, motoci suka yi ta kauce masa suna karo da juna, ma'aikatan fili suka yi awon gaba da shi. Kafin la'asar an dakatar da lasisinsa na shekara guda.

Ya tarar da Gamaliel yana ɗaure motar a kan tirela. Dattijon bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi.

"Ka san wanda ya taɓa ka? Zakaran filin nan ne. Ba ya ɓata ƙarfensa a kan wanda zai iya wucewa salin-alin. Hanya ya rasa, ɗana. Ka iya."

Bara'u ya dubi motar a kan tirela. Yau ne aka fara gaya masa haka ba da bakinsa ba, kuma yau ɗin ce ba ta da amfani.

"Baba, a yi haƙuri, a ƙara gwada ni."

"Da wane lasisin?"

Bara'u ya sunkuya yana juya hular a hannu. Can ya ɗago a hankali.

"Amma Baba, tsakani da Allah, ai shi ne ya buge ni ta baya."

Gamaliel ya ja igiyar ya ƙulle.