Hilda Ba Sunanta Ba Ne

An kafa allon tunawa na tagulla a bangon asibitin, an yi tafi, an sha shayi, amma sunan da aka zana ba na matar da ake karramawa ba ne. An rubuta Hilda Gittens. Sunanta Icilda.

Ranar Asabar aka yi bikin a birnin Hull na Ingila, cikin yayyafi. 'Yarta, Verna Alleyne, mai shekara saba'in da huɗu, tana sahun gaba sa'ad da aka yaye ƙyallen da ya rufe allon. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

Icilda ta baro tsibirin Barbados a 1939. Da jiragen Jamus suka yi wa Hull ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, ita kaɗai ce baƙar fata cikin ma'aikatan jinyar asibitin. Ta wanke ƙuna, ta tsince gilashi daga fuskokin 'yan dakon tashar jirgin ruwa. Wasunsu kan ce kada ta taɓa su, har sai azaba ta sauya musu ra'ayi. Tun ranar da ta kama aiki, shugabar masu jinya ta ce ba ta da lokacin sunaye masu karya harshe, ta rubuta Hilda a rajista. Shekara talatin da ɗaya Icilda tana amsa shi a wurin aiki. A gida ba mai gigin furta shi.

Shugaban kwamitin bikin, Colin Pettifer, ya yi minti ashirin yana bayanin yadda birnin ya rungume ta hannu bibbiyu. Verna ta tare shi a teburin shayi, biskit na bakinsa.

"Yallaɓai, wace ce wannan a bango?"

"Mahaifiyarki mana, Madam. Abar alfaharinmu!"

"To ni dai ban san ta ba. Tawa Icilda ce."

Ya yi 'yar dariya. "Ai bambancin kaɗan ne. Rajista muka bi. Wata shida fa muna bincike."

"Wata shida! Ga ni nan bayan layinku, ga waya a ɗaki. Katin gayyata dai kun san inda za ku aika."

"Tagulla ce, Madam, ba fensir ba. Ba ta goguwa."

"Sannu da ƙoƙari, Mista Petty."

"Pettifer."

"Ai bambancin kaɗan ne."

Ranar Laraba wasiƙar kwamiti ta iso: ba a taɓa allo sai da hujja a rubuce. Verna ta aika takardar haihuwar uwarta, da fasfonta, da shaidar aurenta. Bayan mako uku aka ba ta amsa cikin ladabi. Takardun, in ji su, sun tabbatar an yi wata mata mai suna Icilda Gittens, amma ba su tabbatar ita ce ta yi aiki a asibitin ba.

Kwamitin zai sake zama a watan Maris. Har yanzu ba a sa batun cikin abubuwan da za a tattauna ba.