Katin Zama na Mutum Guda

Shekara goma sha tara ke nan ina cika wa tsofaffin Italiya takardun zama a Hammamet, garinmu na bakin teku kudu da Tunis, ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin Gaspare ba. A satin da suka sauko daga jirgin ruwan Palermo ya shigo ofishina, shi da Nunzia, wata 'yar gajeriyar dattijuwa mai farin gashi da ke riƙe masa hula. Ofishin nawa ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai aski da mai sayar da zaitun. Ya zauna, ya sha gahawata, ya sa na zayyana masa duk abin da ake nema kafin a ba ɗan fansho katin zama, yana ta rubutawa a wani ɗan littafi. Ina gamawa ya rufe littafin ya miƙe, ya kira ni da "Si", wato malam a wajenmu.

"Na gode, Si Munsif. Da kaina zan yi."

Na ce masa ya zauna mu yi magana, ai ban ma tambaye shi komai game da su ba tukuna.

"Shekara arba'in ina tuƙa jirgin ƙasa," in ji shi, "ban taɓa ɗaukar wani ya tsaya mini a layi ba. Ku dillalai da tsoron mutane kuke cin abinci."

A kunnen mai aski ya faɗi haka, don ya leƙo yana wasa reza. Kafin la'asar duk layinmu an san wani tsoho ya kwashe mini sirrin sana'a a kan kofin gahawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata zai dawo, kuma a tsaye zan bar shi.

Kwana casa'in suke da shi kafin izinin shigarsu ya ƙare. Sun kama haya a bayan gidanmu, saboda haka ina kallon komai ko ban so ba. Da sassafe Gaspare zai fito da jakar takardu a hammata, yana sauri kamar zai makara aiki. Ya kai takardar haya a yi mata rajista, aka ce sa hannun mai gida bai cika ba. Ya nemo mai gida, ashe ya tafi Nabeul biki. Ya ɗauki hotuna, aka ce girmansu bai yi ba. Ya tafi banki ranar Juma'a bayan azahar, ya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya yana yi wa ƙofar faɗa. In ya wuce ta gaban ofishina sai ya ɗaga jakar sama ya ce saura kaɗan. Ni kuma in ɗaga masa kofi. Gaskiya dai yana ci gaba, a hankali amma yana ci, kuma hakan ya fi komai ba ni haushi.

Nunzia ba ta bin sa wannan yawo. Ita gidan ta kama. Ta wanke shi ƙal, ta ɗinka labule da hannunta, ta jera tukwanen ganyen miya a kan bene. Ta saba da matata Wahida a wajen masu kifi, suka zama kamar tare suka tashi, alhali rabin hirarsu da hannu suke yi. Ta ce wa Wahida tunda take ba ta taɓa zama a gidan da taga ke kallon teku ba, kuma ba ta son ta sake ɗaure kaya har ta mutu.

Wata rana da rana na dawo cin abinci, na tarar da Wahida ta yi tagumi a kan kuskus. Ta ce Nunzia ta shigo falonmu, ta tsaya gaban hoton bikinmu ta daɗe tana kallo, har ta sa yatsa ta taɓa mayafin amarya. Sannan Nunzia ta ce ita ba ta da irinsa. Shekara talatin da ɗaya suna tare da Gaspare, ba a taɓa ɗaura musu aure ba, don shi tun yana saurayi ya rantse ba fadan coci ba magajin gari da zai ba shi izinin son mace. A wajensu wannan ba abin mamaki ba ne, na ga irinsu da yawa. Amma ni cokali na ajiye, don na san abin da Gaspare bai sani ba. Nunzia ɗinki ta yi a gida duk rayuwarta, ba ta da fansho nata na kanta. Takardunta a kan nasa za su hau, a matsayin matarsa. Kuma ba takardar aure, ba mata. Ita ce tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo mini da mace, ita ce kuma wadda bai bari na yi ba.

"Ka je ka gaya masa yau," in ji Wahida.

"Ya san hanyar ofishina."

"Munsif, ka ji tsoron Allah. Matar me ta yi maka?"

Na ce mata ai ni dillali ne mai cin abinci da tsoron mutane, bai kamata in tsorata bawan Allah ba. Ta kwashe kwanon tun ban ƙoshi ba.

A lokacin saura kwana sittin da wani abu. Da na yi magana, lokaci ya isa a aiko da takardu daga Italiya a yi komai cikin natsuwa. Ban yi ba. Sai dai ban ji daɗin shirun ba ko na yini ɗaya. In na ga Gaspare ya taho sai in tashi in tsaya a ƙofa, in shirya maganar a bakina, shi kuma ya ɗaga jakar nan yana murmushin mugunta, sai in haɗiye. Sau biyu na je har ƙofar gidansu na juyo. Na riƙa yin kuskure a takardun wasu, na rubuta wa wani tsoho daga Bari ranar haihuwar matarsa. Na riƙa gaya wa kaina gobe, in ya gaishe ni da mutunci. Wahida ta daina tambayata, ta koma kallona kawai. Ita ma ba ta iya gaya wa Nunzia ba, don ta ce ba ta san da wane baki za ta fara ba.

Saura kwana tara suka tafi ofishin baƙi na 'yan sanda su biyu, shi ya sha kwat duk da zafi, ita ta sa 'yan kunne. Kafin azahar suka shigo wajena. Bai ɗaga jaka ba. Ya ajiye rasit ɗinsa a kan tebur, an karɓi nasa, sai jiran kati. Kusa da shi ya ajiye takardun Nunzia yadda ya kai su. Ya ce jami'in ya yi masa magana da ladabi, ya tambayi takardar aure, shi kuma ya yi masa bayanin ra'ayinsa game da aure har na minti goma, jami'in ya saurara ya sake tambayar takardar.

Na daɗe ina jiran wannan rana, amma da ta zo sai na ji kunya ta rufe ni. Na ba su kujeru, na aika a kawo shayi. Na ce abin bai lalace ba. Madam za ta iya fita kafin wa'adi, ta dawo da sabon izini. A tsakani a nemo takardu, a ɗaura aure a can ko a nan, sannan a sake shigar da nata. Wata biyu, in ya yi yawa uku.

Gaspare ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe ɗan littafinsa ya ciro biro.

"Shi ke nan? To a ɗaura mana. Hatimi ɗaya ne ya ƙaru." Ya rubuta a ƙasan jerin, ƙarƙashin hotuna da takardar banki, yana faɗa a fili: "Lamba goma sha ɗaya, aure." Ko kallonta bai yi ba.

Nunzia ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"A'a," ta ce.

Ya ɗauka ba ta gane ba, ya shiga yi mata bayani, cewa ba fada ba coci, minti biyar ne a gaban wani ma'aikaci. Ta bar shi ya gama.

"Na gane, Gaspare. Na ce a'a. Shekara talatin da ɗaya ba ka tambaye ni ba, ban ce komai ba, na ce haka Allah ya yi ka. Yau ɗan sanda ya tambaya, ka sa ni lamba goma sha ɗaya."

Ta tashi ta fita, ta bar masa hularsa a kan kujera.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya zauna wuri ɗaya. Gaspare ya riƙa zuwa ofishina sau uku a yini, mutumin da bai yarda da dillali ba, yana tambayata me zai ce mata. Ya kai mata furanni, ta sa su a ruwa ta ci gaba da ninke kaya. Ya durƙusa mata a tsakar gida da gwiwarsa mai ciwo, Wahida ta gani daga bene, sai da Nunzia ta kama shi ta tayar. Ta ce masa yanzu ko me ya yi ba za ta iya sanin ita yake nema ko katin ba. Ya ce to zai bi ta su koma tare, ta ce kada ya soma, ya zauna ya karɓi abin da ya sha wahala a kansa. Ni ma na je, Wahida ta je, har mai aski ya ba da shawara. Ta raba wa maƙwabta tukwanenta. Ta ce za ta sauka wajen ƙanwarta a Marsala, can Italiya.

Ni na kai su tashar jirgin ruwa a Tunis. A hanya ba wanda ya yi magana sai Gaspare, da ke ta tambaya ko ta ɗauki maganin hawan jininta. Da muka isa ya tafi neman keken kaya, aka bar ni da ita a jikin mota. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na gaya mata na sani tun wata biyu da suka wuce, kuma na yi shiru ne don in ga ya dawo yana roƙona.

Na zaci za ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta tsaya tana kallon jirgin.

"Da ka ja shi gefe tun lokacin," ta ce, "da ya yi kwana uku yana zage-zage, sannan ya kai ni bakin teku ya tambaye ni kamar daga kansa ne. Na san shi, girman kansa ba zai bari ya faɗi dalili ba. Da na ce to. Da ban taɓa sani ba, Si Munsif, kuma da na yi farin ciki."

Gaspare ya dawo da keken yana haki, ta gyara masa wuyan riga, ta karɓi jakarta ta shiga layi.

Katinsa ya fito bayan sati biyar. Yana nan a bayan gidanmu har yanzu. Yana kiranta duk ranar Lahadi, tana ɗauka, su yi maganar yanayi da gwiwarsa. Ya je Marsala sau biyu, ya dawo shi kaɗai. Da lokacin sabunta katin ya zo, bai je ko'ina ba, ya kawo mini jakar ya zauna. Na samu abin da na so, ya dawo da ƙafarsa. Na ja takardar ina cikawa yana ba ni amsa, suna, shekarar haihuwa, adireshi, har na iso layin da ke tambaya ko mutum yana da aure. Na tsaya da biro a hannu.

"Rubuta gaskiya," in ji shi. "Me kake jira?"