Sunan Yankan Namadi Magini

Kulu tana tsugune gaban akwatin ƙarfe, tana zaro takardu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga wa mijinta Namadi, shi kuma yana kwance a kan tabarma yana girgiza kai.

"Ba ita ba ta. Mai jan hatimi nika nuhi."

"To ai ni duk iri ɗaya nika ganinsu, Malam."

"Ƙasa. Ƙarƙashin rigar Salla."

Ta samo ta. Ya miƙa hannu zai karɓa, hannun ya kasa, ya koma ya faɗi a kan cikinsa da ya kumbura. Ni Madina, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a Kebbe, kuma ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu a safiyar nan ta Juma'a. Abin da ban gani da idona ba, Kulu ce ta gaya mini daga baya.

Namadi magini ne. Shekara talatin yana tayar wa mutane ɗakunan laka, har zamanin nan ya zo da kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, aka yi ta raba kwangilar gina azuzuwa. Aka ba shi aji biyu a bakin gari. Ya yi wa ɗan kamfaninsa rajista, aka ce sai da sunan mutum biyu, ya sa nasa da na Kulu. Abu ɗaya ya rage masa: a je ofishin haraji a Tambuwal da sunayen ma'aikatansa goma sha ɗaya, a ba kamfanin lamba, don a riƙa cire wa gwamnati nata daga albashinsu kowane wata. Sai ciwon shawara ya kayar da shi, idanunsa suka yi ɗorawa, mako uku yana cewa gobe zai tashi. Ranar nan wa'adin yake cika. In ba lamba, za a karɓe aikin a ba Alhaji Dikko mai motar tifa, wanda ke zuwa da nasa leburorin daga Dogon Daji. Magidanta goma sha ɗaya da suka rage noma a daminar nan suka haƙa tushe, sai su koma gida hannu wofi.

"An ce ko ni ko ke, duk wanda yas sa hannu ya yi," in ji Namadi. "Ki tahi. Atu shi kai ki."

"In bar ka haka?"

"Ga Madina. Mutanen ga sun bar gonakinsu don ni, Kulu. Kada in tai kabari da haƙƙinsu."

"Bar wagga magana."

"Ƙarhe ɗaya 'yan ofis ka tashi ran Juma'a. Tahi."

Atu ƙanen Kulu ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ne shugaban leburorin. Ya riga ya tayar da babur a ƙofar gida. Kulu ta naɗe takardun cikin leda, ta soke a ƙugu, ta yafa gyale. Ta kai bakin ƙofa ta waiwaya, Namadi ya yi mata alama da yatsa ta wuce.

An yi ruwa kwana biyu a jere, hanya ta zama taɓo. Sau uku ta sauka ta taka da ƙafa, takalmanta a hannu, Atu yana tura babur yana haki. Ba su shiga Tambuwal ba sai da rana ta kusa tsaka. Atu ya sauke ta a ƙofar ofishin.

"Yaya, shiga ki kama layi. Bari in nemo allurar da malamin asibiti yar rubuta, kahin masu kemis su tai masallaci."

"Kada ka daɗe."

"Yanzu nika dawowa."

Mutum huɗu ta tarar a kan benci. Ta zauna a ƙarshe, tana kallon agogon bango duk da ba ta iya karanta shi ba. Da aka zo kanta, ba wanda ya rage a ɗakin sai akawu, da masinja mai kaɗa makullai, da Alhaji Dikko. Shi ya gama abin da ya kawo shi tuntuni, amma ya zauna a kujerar gefe cikin farar babbar riga yana goge haƙora da asuwaki.

"A'a, Kulu? Ke anka aiko? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Allah shi ƙara sauƙi."

Akawun dattijo ne mai tabarau, Malam Bitrus, mutumin Zuru. Ya warware takardun, ya karanta mata sunayen ma'aikatan ɗaya ɗaya, tana cewa haka ne. Ya cika layuka, ya juya shafi, sai alƙalaminsa ya tsaya.

"Inna, saura sunan mai kamfani. A nan harafi ɗaya kawai aka sa, sannan Namadi Jabo. Namadi laƙabi ne. Sunan yanka nake so, cikakke, yadda yake a babban fayil na Sakkwato. In ya saɓa ko kaɗan, bayan wata uku za su dawo mana da ita."

Kulu ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin da shida ke nan da aka kai ta ɗakinsa, ko Namadin ma bai taɓa fita daga bakinta ba, balle sunan da aka raɗa masa. Malam take cewa, ko maigida. A Kebbe kuwa ba wanda ya san sunan, don da laƙabinsa ya zo daga Jabo yana saurayi. Ita ma a bakin uwarsa ta ji shi, sau ɗaya, ranar da tsohuwar take sa masa albarka.

"Sunan annabin ga na," ta ce a hankali. "Mahaihin Annabi Sulaimanu."

Malam Bitrus ya yi murmushi. "Na gane. Dauda." Ya ɗora alƙalami.

"Ba haka ba."

"Daudu?"

"A'a."

"Dawud, irin yadda malamai ke faɗi?"

"Ya yi kusa. Amma ba haka uwatai taka hwaɗinai ba."

Masinja ya rufe taga ta farko, ɗakin ya rage haske. Daga nesa aka fara jin lasifikar masallacin Juma'a. Kulu ta juya wajen Alhaji Dikko. Ta san a makarantar allo ɗaya suka yi karatu da mijinta a Jabo.

"Alhaji, kai ka san shi tun yarinta. Taimaka ka hwaɗa mai."

Ya cire asuwakin, ya dube shi, ya mayar baki.

"Ni Namadi nis sani. Tsuhwa ya zo, Kulu, abubuwa sun ɓace mani."

"Oga, saura minti goma," in ji masinja, ya nufi taga ta biyu.

Ta kasa kunne ko za ta ji babur ɗin Atu, don shi da jin kwatancen zai gane. Ba komai a waje sai takun masu tafiya masallaci.

Malam Bitrus ya cire tabarau ya ajiye. "Inna, na san al'ada, uwata ma haka take. Amma ba zan rubuta zato ba. In na rufe littafin nan, sai Litinin, Litinin kuwa wa'adi ya wuce."

Ta faɗi sunan tana kallon ƙasa. Ko ita ba ta ji kanta ba.

"Ban ji ba. Ƙara."

Ta ɗaga kai, ta dubi bango a bayan akawun.

"Dawuda."

Sunan ya fita da ƙarfi fiye da yadda ta so, har masinja ya saki taga ya juyo. Alhaji Dikko ya yi 'yar dariya, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ashe bakin shina iyawa."

Malam Bitrus ya rubuta, ya karanta mata, ta gyaɗa kai. Ya kama babban yatsanta ya danna a kan tawada, ya dangwala wuri uku. Ya buga hatimi, ya rubuta lamba a wata 'yar takarda, ya miƙa mata da hannu biyu.

"An yi, Inna. Ki gaishe shi."

Tana fita Atu yana isowa da kwalbar allura a aljihu, a kemis na huɗu ya samo ta. Ta ce masa ya yi azahar a hanya, su dai su tafi.

A gida kuwa, tun hantsi Namadi ya daina karɓar kunu. Jim kaɗan sai ya buɗe ido ya ce, "Ta dawo?" In ce tana hanya. Da maza suka fara dawowa daga masallaci numfashinsa ya canza, na aika a kira liman da 'yar Namadi, Asma'u, daga gidan mijinta. Ya sake buɗe ido, wannan karon tambayar ta sauya.

"An yi?"

Ban san komai ba a lokacin. Na ce, "An yi, Malam."

Ya lumshe ido. Liman ya shigo ya yi ta maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa suna bi, har suka tsaya.

Gab da la'asar babur ya shigo unguwa. Kulu ta hango tabarmi a ƙofar gida da maza a jere, leburorin nan duka suna ciki, ta ce Atu ya tsaya. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. An riga an yi masa sutura, ita ake jira. Ta durƙusa a gefensa ta yi addu'a, ba ta yi kuka ba. Ta zaro 'yar takardar daga ƙugu ta ba Atu.

"Kai ma mutane. Ka ce su hito aiki in an share makoki."

Bayan an fita da shi na zauna kusa da ita, na gaya mata abin da ya tambaya da amsar da na ba shi.

"Ba ki yi ƙarya ba, Madina," ta ce. Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Na hwaɗi sunanai. Gaban maza ukku."

Na kama hannunta.

Da aka kira magariba na kai mata buta bayan ɗaki. Ta wanke hannuwa, ta tsaya tana duban babban yatsanta. Tawadar ta shiga har ƙarƙashin farce. Ta tambaye ni ko alwala za ta yi da ita a jiki, na ce ina jin za ta yi. Duk da haka ta ɗebi yashi a gindin katanga tana gogawa, ina tsiyaya mata ruwa kaɗan kaɗan, yana gangarawa shuɗi-shuɗi cikin ƙasa.