Gwangwanin Baba Mai Awo

Wata biyar ke nan Baba Mai Awo bai ga lambar da ke kan sikelinsa ba, kuma duk duniya babu wanda ya sani sai shi. Ba wai ya makance gaba ɗaya ba ne. Yana ganin ƙofa, yana ganin mutum a tsaye, yana gane ƙanwarsa daga tafiyarta tun kafin ta yi magana. Amma jajayen lambobin nan da ke haskawa a goshin sikeli sun narke masa, sun koma kamar garwashi a cikin hayaƙi. Sau ɗaya ya saci jiki ya je wajen likitan ido, aka ce masa gilashi ba zai yi ba, sai an yi aiki. Da jin haka Baba ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya yi shawara. Shawarar da har yau bai gama ba ke nan.

Wurin aikin, wanda ke tsallaken babban titi daga gidansa, na ƙanwarsa ne, wadda yake kira Auta, ita kuma take ce masa Yaya. Ɗaki ne dogo mai taga uku, da sito a bayansa. Ana sayo sukari buhu-buhu a ƙulla shi a leda mai tambarinta, kowace an rubuta mata giram ɗari biyar. Baba ke aunawa, mata biyu na liƙe bakin leda da inji, Auta na fama da masu shaguna. Ita ta ɗauko shi ta ba shi kujerar nan lokacin da kamfanin da ya yi wa awo shekara talatin ya sallame shi, ya zauna a gida har ya fara magana shi kaɗai. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa yayanta, ta ce wannan da kake gani idonsa ya fi sikeli. To da wane baki zai gaya mata?

Sai ya yi dabara. Tun idon yana ɗan gani, ya samo babban gwangwanin madara, ya yi ta datse bakinsa yana gwadawa, har ya zama in an cika shi an share saman da rula, giram ɗari biyar da biyar yake bayarwa, ba ƙari ba ragi. Daga nan aiki ya zama wasan kwaikwayo. Ya cika, ya share, ya juye a leda, ya ɗora kan sikeli, ya ƙura ido kamar mai karatu, ya gyaɗa kai, ya tura wa masu liƙi. Duk bayan awa ɗaya ya buɗe littafin da doka ta ce a riƙa rubuta nauyin leda ɗaya a ciki, ya rangaɗa ɗari biyar da biyar da manyan lambobi.

Abu ya tafi lafiya lau, har mako uku da suka wuce da Auta ta canza mai sayar mata da sukari. Baba na tsoma hannu cikin sabon buhu ya ji bambanci. Na da mai laushi ne. Wannan kuwa ƙwayoyinsa manya ne, garas-garas. Duk mai awo ya san ƙwaya mai girma tana barin iska a tsakaninta, sai ta cika gwangwani amma nauyi bai kai ba. Nawa ya ragu? Oho. Ya koma barbaɗa ƙari da yatsu bisa kintace, wani lokaci da yawa, wani lokaci kaɗan. Tun ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar Talata da hantsi ya ji mota ta tsaya a ƙofa, sai takun wani takalmi da bai sani ba. Wata mace ce ta yi sallama, muryarta a sanyaye, ta ce daga hukumar awo da ma'auni take, ta zo duba kayan da aka ƙulla. Auta kuwa, baiwar Allah, har da murna ta tarbe ta, ta jawo mata kujera, ta ce ai nan gidan gaskiya aka zo, a duba har ƙarƙashin tebur.

Jami'ar ba ta zauna ba. Ta shiga sito da kanta, ta ƙi katan ɗin da Auta ta miƙo mata, ta riƙa zaro leda daga sama, daga tsakiya, daga can ƙurya, har hamsin. Ta kafa nata sikelin a kan teburin Baba, dab da gwiwar hannunsa. Sannan ta yi bayani dalla-dalla, kamar mai koyar da yara. Nauyin leda ba ya cikin lissafi, sukari kawai. In an haɗa hamsin ɗin an raba, kada ya gaza ɗari biyar. An yafe wa leda uku su yi ƙasa da ɗari huɗu da tamanin da biyar, ta huɗu ba a yafe ba. In kuwa aka samu ko da guda ɗaya ƙasa da ɗari huɗu da saba'in, magana ta ƙare.

Ta fara. Tana ɗorawa, tana faɗin lambar da baki, tana rubutawa. Ta farko ɗari huɗu da casa'in da shida. Auta ta ce ai iska ce. Ta biyu ɗari biyar da biyu, Baba ya ɗan saki numfashi. Ta uku ɗari huɗu da tamanin da ɗaya. Injin liƙi ya tsaya, ba wanda ya ce a tsayar da shi. Baba na zaune yana ƙirga waɗanda suka gaza iyakar da yatsun ƙafa a cikin takalmi. A leda ta tara aka samu ta biyu. A ta sha huɗu, ta uku. Ya shiga addu'a a zuci, irin wadda mutum ke yi ya san bai cancanta ba.

A ta ashirin da biyu jami'ar ta sake duban lambar. Ta sauke ledar ta sake ɗorawa.

"Ɗari huɗu da sittin da shida," in ji ta.

Ba ta tsaya nan ba, sai da ta auna hamsin ɗin kaf, kowace lamba tana sauka a kunnen Baba kamar mari. Da ta haɗa, ta ce matsakaicin nauyi ɗari huɗu da tamanin da bakwai ne, kuma sha tara sun wuce iyakar da aka yafe.

Auta ta miƙe tsaye. Ta ce to sikelinsu ne ya lalace, ba shakka, dama mai gyara ya ce mata irin wannan ba ya son zafi. Kai, zuciyar mutum! Baba da ya san komai sai ga shi ya kama wannan magana hannu bibbiyu. Ya riƙa cewa a ransa, Allah Ka sa ya lalace, Allah Ka sa ya lalace. Jami'ar ta buɗe wani ɗan akwati, ta ɗauko dutsen awo na hukuma da ƙyalle don kada yatsa ya taɓa shi, ta ɗora a tsakiyar sikelin Baba, ta ɗora a kowace kusurwa. Ta ce sikeli lafiyarsa lau, ko giram ɗaya bai kuskure ba.

Ta nemi littafi. Baba ya ji ƙarar shafuka tana juyawa, tana juyawa. Can ta tambaya ko shi ke rubuta wannan, ya ce shi ne, ranki ya daɗe. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin hannun da ya auna ɗari biyar da biyar wata biyar cur ba tare da ya karkace ko sau ɗaya ba. Baba ya kawar da kai.

Sai ta juya wajen Auta, ta yi mata magana ba faɗa ba tsawa, wanda ya fi tsawar tsoratarwa. Ta ce da sikeli ne ya lalace, da kuskure ne, a gyara a ci gaba. Amma sikeli daidai, littafi na cewa an cika, leda kuma ba ta cika ba, wannan a wurin hukuma tauye awo ne da gangan. Dole ta sa wa ƙofa hatimi yau, ta karɓi lasisi, takarda kuma ta tafi kotu da sunan mai wurin.

Auta ta koma kujera daɓas. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana gina wurin nan, tun tana ƙulla leda a tsakar gida da kyandir. Ta waiwaya kan masu liƙi, ido jawur, ta ce su faɗa mata gaskiya, waccensu ke zarar sukari kafin ta liƙe? Babbar ta fara rantsuwa, ƙaramar ta fashe da kuka. Jami'ar ta ce to shi mai awon fa? Nan Auta ta taso mata.

"Kada ki sa yayana a ciki. Shi ya rene ni. Mutumin nan ko ƙwayar sukari ta faɗi ƙasa sai ya tsince ta ya mayar. Kawo takardar in sa hannu, amma shi ki bar shi."

Baba ya ji an zare murfin biro. Tsoro biyu suka haɗu a ƙirjinsa suna kokawa. In ya yi magana, kujerar nan ta tafi, ya koma zaman gida, kuma Auta za ta san wata biyar yana yaudarar ta ido da ido. In ya yi shiru, babu mai zargin sa har abada, ita za a kira ɓarauniyar awo a gaban alƙali. Kuma abin kunya, sai da ya ɗan auna shirun, ya ji yana da daɗin ɗauka. Ya tsani kansa a wannan lokaci kamar ya mutu.

Ya ce a dakata. Muryar da ta fito ba tasa ba ce, siririya ce kamar ta mara lafiya. Ya lalubo gwangwaninsa daga ƙarƙashin tebur, ya tsoma cikin buhu, ya share saman da rula, sukari na zuba a cinyarsa. Ya juye a leda ya ɗora kan sikeli. Ya ɗaga kai wajen jan hasken nan.

"Auta, zo ki karanta min."

"Yaya, wane irin in karanta maka? Ga shi nan a gabanka."

"Ba na gani, Auta. Wata biyar ke nan ba na gani."

Kukan ƙaramar mai liƙi ya ɗauke. Jami'ar ce ta karanta, ta ce ɗari huɗu da saba'in da ɗaya. Baba ya sunkuyar da kai ya zayyana komai, da likita, da gwangwani, da sabon sukari, da ɗan ƙarin da yake barbaɗawa, da lambar da yake rubutawa da ka. Bai rage komai ba. Jami'ar ta karɓi gwangwanin ta jujjuya shi, ta sa aka kakkaɓo ragowar tsohon sukari daga gindin wani buhu, ta cika, ta share da rularsa. Ɗari biyar da biyar cif. Ta ja dogon numfashi.

Ta ce wannan ya canza abin da za ta rubuta, amma bai cika ledojin ba. Duk kayan da ke sito an tsare su, sai an farke an sake aunawa a gabanta. Na shaguna kuma a je a kwaso su. Gargaɗi zai shiga fayil, ƙofa za ta zauna a buɗe, maganar kotu babu. Sannan ta rage murya ta ce, Baba, ka yi haƙuri, daga yau ba za ka sake zama a gaban sikeli ba. Ya ce ya sani. Ta sa gwangwanin a leda ta rubuta masa lamba, ta tafi da shi.

Motar ta tashi. Masu liƙi suka sulale sito ba wanda ya aike su. Aka bar shi da Auta. Yana ganin inuwarta tsaye a bakin taga, amma fuskar ba ya iya gani, kuma bai taɓa jin tsoron rashin idon nan kamar yanzu ba. Ya jira zagi. Ya jira ta ce ya tashi ya bar mata wuri, ya riga ya shirya cewa ta yi daidai.

Ta tako a hankali ta durƙusa a gaban kujerarsa, kusa sosai, har ya ji numfashinta. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, yadda take yi tana ƙarama in za su shiga kasuwa.

"Yaya," in ji ta, "wata biyar, kuma kullum kai kaɗai kake tsallako babban titin nan?"