Jirgin da Aka Ɗaure a Halic

Dursun bai cika shekara ashirin ba aka ɗauko shi daga garinsu Surmene, aka sa shi bayan igwa a wani jirgin yaƙi mai sulke da ake kira Siperi Derya, wato Garkuwar Teku. Jirgin sabo ne fil a lokacin, baƙi wuluk, ƙarfen da aka lulluɓe haƙarƙarinsa da shi ya fi tafin hannu kauri. In ya shiga tashar wani gari, yara da manya sai su bar abin da suke yi su cika gaɓa.

A yaƙin Rashawa Dursun ya ga abin da ya gani, amma yini ɗaya ya fi riƙewa. Da hantsi jiragen abokan gaba biyu suka rutsa su a Baƙin Teku. Harsashi ya riƙa dukan sulken yana zamewa cikin ruwa, ƙarar kamar an kifa wa mutum tukunya ana bugun ta da guduma. Su kuwa suna ɗura igwa suna saki, hayaƙi ya hana su ganin ko tafin hannunsu. Da la'asar Rashawan suka janye, ɗaya na jan ɗaya. Dursun ya fito da kunnen hagu a toshe, bai ƙara ji da shi ba, ya kuma fito da yaƙinin babu abin da zai iya kai wannan jirgi ƙasa.

Da yaƙi ya ƙare aka shigo da jiragen runduna cikin Halic, wani lungun teku da ya kutsa cikin birnin Istanbul. Aka buɗe musu gada suka wuce, aka mayar aka rufe. An ce na ɗan lokaci ne, gyara za a yi musu. Aka kwashe albarushi, aka zare wasu sassan injin aka kai ma'ajiya a tudu. A gidajen gahawa na unguwar Kasimpasha ana raɗe-raɗin fadar sarki ce ba ta son ganin bakin igwa yana shawagi a gaban tagoginta, amma wannan magana ba a yin ta sai an waiga.

Mutane suka fara zarewa. Wanda wa'adinsa ya cika ya tafi gida, ba a kawo madadinsa. Hafsoshi suka koma kwana a cikin gari. Kyaftin Hulusi Bey yakan leƙo ranar Alhamis ya sha gahawa, ya tambaya ko akwai wani abu, a ce masa babu. Da ciwon ƙafa ya hana shi hawa tsani sai ya riƙa tsayawa a kwalekwale yana ɗaga musu sanda. Daga baya suka ji an yi jana'izarsa.

Shi ma Dursun wa'adinsa ya cika. Ya je Surmene ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, ɗan filin da ubansu ya bari kuma ko yayansa da iyalinsa bai isa ba. Ba wanda ya yi masa baƙar magana. Sun ba shi shimfiɗa mai kyau, suna zuba masa abinci kafin kowa, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake jiran ya faɗi ranar tafiyarsa. Ya dawo Istanbul ya roƙa a bar shi a jirgi, aka bar shi.

A hankali jirgin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane ya koma na mutum biyu: shi da Shaban Usta, mai kula da tukunyar tururi, mutumin Kastamonu, gajere mai faɗin ƙirji wanda ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa bai iya iyo ba. Dursun yana kwana a goshin jirgi kusa da igwarsa, Shaban can ƙasa wajen tukwanensa masu sanyi. Da safe su haɗu su yi ta matsa famfon hannu har ruwan da ya tsatso cikin dare ya fita. Da rana su ci burodi da zaitun da albasa, in an yi sa'a da miyar wake. Nan ne kawai suke magana, maganar kuwa rabinta tsiya ce.

"Kai ka ce ka yi yaƙi, Usta? Kana rami kamar gafiya, mu muna shan wuta a sama."

"Da gafiyar ba ta hura wuta ba, da yanzu kifi ya gama da kai. Juyo da kunnen kirkin, kurma, kada in yi asarar zagina."

In sun gama kowa ya koma wajensa. Dursun ya bi layin igwogi yana kankare tsatsa, gobe ta dawo. Tattabaru suka yi sheƙa a bututun hayaƙi. Ƙumba da ciyawar ruwa suka kama cikin jirgin har masu kwalekwale na zuwa kankara. Gari kuwa yana kewaye da su ta ko'ina: kiran salla daga tudun nan da tudun can, gudumar maƙera, kiɗan biki, ƙananan jiragen fasinja masu wucewa dab da su cike da mutanen da ko ɗaga kai ba sa yi. Wani lokaci Dursun yakan tsaya a bakin jirgi da niyyar in wani ya dubo shi zai yi masa sallama. Furfura ta fito masa a haka.

Ana nan, shekara wajen ashirin, sai rikici ya ɓarke da Girkawa, umarni ya zo runduna ta fita.

Cikin 'yan kwanaki jirgin ya cika da mutane. Aka dawo da sassan injin, wasu ma na wani jirgin ne, sai da aka goge su kafin su zauna. Aka loda kwal, aka shafa baƙin fenti a kan tsatsa. Aka kawo kurata daga ƙauyukan Anadolu waɗanda ba su taɓa taka abin da ke motsi a ruwa ba. Sabon kyaftin, Nazmi Bey, mutum ne mai sanyin hali da tsantseni. Ya sauka ya duba tukwanen da kansa, ya fito ya ce shi a ganinsa gara a nemi ƙaramin jirgi ya ja su har su fita gari. Shaban ya ji kamar an mare shi. Ya yi ta rantsuwa cewa tukwanen nan ya san su kamar 'ya'yan cikinsa, za su ɗauka. Kyaftin ya dubi Dursun, a matsayinsa na ɗayan tsohon ma'aikacin jirgin, ya tambaye shi me ya gani. Dursun ya san tsatsa ta ci bututan ƙasa, ya sha ganin Shaban yana naɗe su da tsumma. Amma ya tuna za a buɗe gada, duk Istanbul na kallo, a ce Garkuwar Teku ce ake ja da igiya kamar akuya.

"Zai tafi da ƙafarsa, Bey," in ji shi.

Ya kuwa tafi. Da la'asar aka buɗe gada, jiragen suka fito ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun cika gaɓa da rufin gidaje, suna kabbara, mata na kaɗa mayafi. Hayaƙi ya turnuƙe daga bututun, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar Dursun ya ɗauki rawar da ya manta da ita. Shaban ya hauro daga rami, fuska baƙa ƙirin, ya tsaya gefensa yana haki. Ya dubi jama'a, ya dubi hayaƙinsa, ya share ido da bayan hannu ya ce kwal ne ya faɗa masa. Bai daɗe ba ya koma ƙasa.

Washegari da hantsi, suna tsakiyar tekun Marmara, Dursun ya ji wani gum ta tafin ƙafarsa, sai farin tururi ya feso ta kowace kafa. Kurata suka riƙa fitowa daga ƙasa suna tari, suna cin karo da juna. Suka ce Usta ne ya kora su waje, shi ya tsaya rufe bututun. Da tururin ya lafa aka sauka aka ɗauko shi. Ya rufe ɗin, amma fatar hannuwansa da ta ƙirjinsa ta saɓule.

Wani jirgi ya ɗaura musu igiya ya ja su zuwa garin Canakkale da ke bakin mashigin teku. Aka kwantar da Shaban a inuwa a saman jirgi, Dursun ya zauna kusa da shi yana ɗiga masa ruwa a baki. Can Shaban ya buɗe ido ya tambaya ko sun wuce gada da kansu.

"Mun wuce, Usta. Kai ma ka gani."

"To, shi ke nan."

Ya ƙara faɗin wani abu a hankali, ta wajen kunnen da ba ya ji. Dursun ya zagayo ya kawo ɗayan kunnen, ya ce ya maimaita. Shaban ya dube shi kamar zai yi dariya. Kafin magariba ya cika.

Jirgin kuwa girgizar tafiya ta buɗe masa tsofaffin kafofi, famfo ya kasa. Nazmi Bey ya sa aka tura shi cikin wani lungun ruwa kusa da ƙauyen masunta, aka zaunar da shi a kan yashi. A maƙabartar ƙauyen aka binne Shaban. Yaƙin ya ƙare a tudu cikin 'yan makonni, Garkuwar Teku ba ta harba ko harsashi ɗaya ba. Aka raba kuratan zuwa wasu jirage, aka zo da ƙugiya aka tsame igwogin aka kai ganuwar bakin mashigi, har da ta Dursun. Kyaftin ya ce zai nema masa wuri a Istanbul. Dursun ya yi godiya, ya ce ai dole wani ya tsaya.

A nan babu gari, babu kiɗa, babu masu wucewa. Tudu ne da itatuwan zaitun, sai iska. Jirgin ya ɗan karkace, har in ya ajiye kofi sai ya tokare shi. Ya daina matsa famfo tunda ruwa ya riga ya cika ƙasa. Abinci yakan ci shi a tsaye. Ranar Juma'a ya sauka ya yi salla a ƙauye, ya biya ta kabarin ya tsaya jim, ya dawo. Sau da yawa yakan tuna amsar da ya ba kyaftin. Wata rana ya ga laifinsa ƙarara, wata rana kuma ya tuna fuskar Shaban a gaban gada, ya rasa wanne zai kama.

Mutum ɗaya ne ke hawowa wurinsa, Rejeb Reis, babban masuntan ƙauyen, dattijo mai yawan barkwanci. Yakan kawo masa kifi da taba, ya ce shi dai bai taɓa ganin mai gadin da ke tsaron tsatsa ba, ko ɓarawo ya zo sai dai ya ji tausayi ya bar sadaka.

A sanyi na uku iskar kudu ta taso ta yi kwana da kwanaki ba ta tsaya ba. Igiyar ruwa ta kwashe yashin da jirgin ke zaune a kai, ya fara kuka yana zamewa. Da asuba Rejeb ya zo da 'ya'yansa a kwalekwale, ruwa na jifa da su. Dursun ya leƙo ya ce su koma, ba a sallame shi ba.

"Dursun Aga, ni ban iya dogon roƙo ba. In ba ka sauko ba nan za mu tsaya, in ruwa ya ci yaran nan kai za ka je ka gaya wa uwarsu."

Ya sauko da bargonsa da butar gahawa. Suna gaɓa, wajen azahar, jirgin ya kwanta a gefensa, ya sulale baya zuwa zurfi. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Ruwa ya yi kumfa, ya haɗe.

Da iska ta kwanta Dursun ya taka har Canakkale ya kai rahoto. Hafsan da ya karɓe shi ya saurare shi da ladabi, ya sa aka kawo masa gahawa, ya ce ai sun ɗauka tuni an sallami mai gadin wurin. Ya ce ya je ya huta, ai ya riga ya yi abin da ya wajaba a kansa. Dursun ya fito ya tsaya a bakin titi har inuwa ta juya, sannan ya kama hanyar ƙauyen.

Rejeb ya ba shi wani ɗaki a bayan rumfar taru, ya koya masa ɗinkin raga. Da bazara ta shigo, wata safiya ruwa ya kwanta garau, ya ce ya zo su fita. Suka tuƙa har saman wurin. Dursun ya sunkuya ya ga jirgin a ƙasa, kore-kore, ƙofofin igwa a buɗe, garken ƙananan kifi na shiga ta wannan suna fita ta waccan. Ya daɗe yana kallo. Rejeb kuwa yana ta sa tsutsa a ƙugiya.

Da ya ɗago, Dursun ya nuna masa inda bututun hayaƙi yake, ya ce kada su jefa taru ta nan, zai yage. Rejeb ya miƙa masa igiyar fatsa ɗaya, suka matsa gaba kaɗan suka zuba.