Wa Ya Faɗa Rijiyar Marina?

Shekara ashirin da takwas ke nan ba mai kiran Maharazu da sunansa na yanka a Ƙofar Ɗan Agundi, in ka ɗauke limamin unguwa. Kowa Na-Baya yake ce masa. Sunan ya fito ne daga wani wasan barkwanci mai suna Rumfar Mai Gyara, wanda gidan talabijin ya riƙa nunawa duk Laraba bayan Magariba. A ciki shi ne masinjan da kullum yake isowa bayan an gama abin da aka aike shi. Wasan ya yi shekara biyu ana yi, amma kashi ɗaya ne ya zauna a bakin mutane, wato wanda Na-Baya ya taho a guje yana karanta wasiƙa, ya rufta rijiyar marina, ya fito shuɗi tun daga hula har ƙafa, ya dubi masu rini ya ce, "To wa ya matsar da hanyar?"

Da wannan maganar ya ci abinci. Ya yi tallan sabulu, ya yi na maganin sauro, kuma da aka fara finafinan bidiyo, duk daraktan da yake son mutumin da zai faɗi ƙasa a yi dariya, shi yake nema. Yana da tabo a ƙwaurinsa na hagu, inda bakin rijiyar ya karya shi. In hira ta yi daɗi a majalisa yakan ɗage wando ya nuna.

Wata Asabar da hantsi Bahijja, 'yar ƙaninsa, ta yi sallama da kwamfuta a jaka. Tana aiki a wani gidan talabijin mai zaman kansa, tana haɗa shiri a kan 'yan wasan Rumfar Mai Gyara da inda rayuwa ta kai kowannensu.

"Baffa, albishirinka," ta ce. "An samo kaset ɗin marina. A gidan wani tsohon ma'aikaci aka tsince shi cikin kwali."

"Wanda aka ce ruwa ya cinye?"

"Shi fa. Na sa an juye min."

Maharazu ya gyara zama a kan tabarma, ya kira matarsa Hajo daga madafi. "Kin san ban taɓa ganinsa ba?" ya ce wa Bahijja. "Ranar da aka nuna ina kwance a gidan maɗori, ƙafa a ɗaure da karare. Labari kawai aka yi ta kawo min."

Hoton yana ɗan rawa, sautin yana shuuu kamar ana yayyafi. Ga marigayi Ado mai gyaran rediyo a rumfarsa, ga Uwani da tiren ƙosai tana yi masa tsiya. Sai ga Na-Baya ta baya, cikin koriyar riga da doguwar hula, yana gudu. Ya rufta. Hajo ta tafa hannu tana dariya. Kai ya ɓullo daga rijiyar, shuɗi kamar an zuba masa dare, ya buɗe baki ya yi maganar.

Maharazu bai yi dariya ba. "Mayar da shi baya," ya ce.

Bahijja ta mayar, ta tsayar daidai inda bakin yake buɗe. A tsakiyar shuɗiyar fuskar haƙora ne farare tas, da wushirya mai faɗi a tsakaninsu.

Maharazu ya sa harshe ya shafi haƙoransa na gaba, a haɗe suke kamar yadda suke tun yana yaro. Ya dubi Hajo. "Na taɓa yin wushirya?"

"Wace irin magana ce wannan, Malam?"

"Tambayar ki nake."

Hajo ta sunkuya ta ƙura wa hoton ido. Dariyar ta ɗauke. "Ko shuni ne ya shiga tsakanin haƙoran?"

"Kuma da hannun hagu ya goge fuska," in ji Bahijja a hankali. "Baffa, kai ba bahago ba ne."

"Amma ni na faɗa!" Ya ɗage wando. "Wannan fa? Aljani ne ya karya ni? Ina jin warin babar nan a hancina har gobe."

Suka bari wasan ya ƙare. Sunaye suka hau, ga shi nan a rubuce: Na-Baya, Maharazu Ɗan Agundi. Girkin Hajo ya fara ƙauri, ta tashi da sauri.

Bai iya cin abincin rana ba. Bayan Azahar ya ce Bahijja ta tura hoton a wayarta, suka tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Nassarawa, gidan Hajiya Uwani. Ita ce kaɗai a cikinsu da ba ta taɓa barin sana'ar ba. Daga talabijin ta koma wasan rediyo, yanzu kuwa ita ce uwar kowa a finafinai, har ta ce ta aurar da 'ya'ya sun fi ɗari biyu ba ta haifi ko ɗaya daga cikinsu ba. Suka same ta tana haddace takardar wani fim, tabarau a kan hanci.

"Hajiya, wa ya faɗa rijiyar marina?" ya tambaye ta tun kafin a gama gaisawa.

"Ikon Allah. Na-Baya, lafiyarka? Kai ne mana. Ba ni na tsinto takalminka ba?"

Bahijja ta miƙa mata wayar. Uwani ta nisantar da ita, ta kusanto da ita, ta cire tabarau ta mayar.

"Wannan ai Hashim ne."

"To."

"Amma kai ne ka faɗa."

"To shi ne nake tambaya."

"Tsaya." Ta dafe goshi. "Da idona na ga an ciro ka kana ihu. Mutum huɗu suka ɗauke ka. Ranar ma an yi ruwa."

"Ba a yi ruwa ba, Hajiya. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai."

"An yi. Ko kuwa ranar da muka yi na akuya ne aka yi ruwan?" Ta sake duban wayar. "To me Hashim yake yi a cikin rigarka? Ni dai na bi ku gidan maɗori, ban san abin da aka yi a bayana ba. Maganar hanyar kuwa, in gaskiya kake so, ni na fara faɗar ta. Ina tsaye a gefe na ce, wa ya matsar masa da hanya, kowa ya kwashe da dariya."

"Ke?"

"Ni fa. Ban taɓa faɗa ba ne don kada a ce ina yi maka baƙin ciki."

Maharazu ya fito daga gidan ya fi shigarsa ruɗewa. A bakin titi wani mai lemo ya ɗaga masa hannu yana kiran Na-Baya, ya rasa ko ya amsa.

Hashim shi ne yake fitowa a matsayin mai kawo gyaran rediyon da lafiyarta ƙalau. A lokacin kowa ya yarda ya fi su duka iya wasa, amma mahaifinsa malami ne mai zafi, bai taɓa son abin ba. Wata biyu bayan kashin marina ya bari, ya tafi kwalejin horon malamai. Yanzu shi ne shugaban wata makarantar firamare a Ƙofar Ruwa. Rabon da su zauna da Maharazu tun jana'izar Ado.

Suka same shi a zaure bayan La'asar, yana duba takardun jarrabawa, jan biro a hannun hagu. Ya ga hoton, ya ajiye biron, ya yi murmushi. Wushiryar tana nan inda take.

"Ashe kaset ɗin bai mutu ba," ya ce.

"Hashim, ka gaya min don Allah. Kaina zai fashe."

"Ka faɗa, Maharazu. Ba wanda zai ƙwace maka wannan. Sai dai bayan an tafi da kai mai kyamara ya duba ya ga batir ya mutu tun kana gudu. Ba abin da ya ɗauka. Masu marina kuma yini ɗaya suka ba mu. Darakta Nu'uman, Allah ya jiƙansa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ni ne tsawonmu ɗaya da kai. Akwai rigar canji. Ya ce ai in mutum ya fito daga baba ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

"Shi ne ba ku gaya min ba."

"Ni na roƙe shi. Sati ɗaya kafin nan na yi wa Malam, mahaifina, alkawarin zan daina. Da ya ji ɗansa ne ya yi wanka a rijiyar marina a gaban duk Kano, da gidan nan ya yi min kaɗan. Daga baya kuma sai na ga abin ya karɓe ka, ka yi aure, ka yi suna. In zo in ce me?"

Maharazu ya dubi tabarma. Can ya ce, "Maganar fa? Ni na tuna na faɗe ta. Uwani ta ce ita ce."

Hashim ya ce, "Ni dai a zatona daga bakinka na ji, kana cikin rijiyar. Amma wani lokacin sai in ga kamar Nu'uman ne ya raɗa min kafin in fara gudu. Wani lokacin kuma in ce a'a, da na ɗago kai ne ta zo min. Mutumin da ƙafarsa ta karye zai tsaya yin barkwanci?"

"Ni nake tambayar ka."

"Wallahi ban sani ba."

Bahijja ta ce wa Hashim, "Baba, shi Malam bai taɓa ganewa ba?"

Hashim ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. "A gidan maƙwabta ya gani, an kira shi ɗaurin aure ya tarar ana maimaitawa da rana. Ina zaune kusa da shi, hannuna a cikin aljihu don shunin bai gama fita daga farcena ba. Malam ya yi dariya har da hawaye, ni ban taɓa ganin haka ba. Ya juyo ya ce, ka ga irin wulaƙancin da nake hana ka? Dubi ɗan mutane."

Maharazu ya so ya yi fushi, ya neme shi bai samu ba. Ya so ya yi godiya, ita ma ta ƙi fitowa. Abin da ya iya cewa shi ne, "To ni yanzu wane ne a cikin wasan?"

"Kai ne wanda ya yi kashi tamanin da wani abu," in ji Hashim. "Ni minti ɗaya na yi."

"Minti ɗayan ne ake tunawa."

Hashim ya ɗauki jan biron da ya ajiye.

A hanyar komawa Bahijja ta ce in yana so za ta cire wannan ɓangaren daga shirin, ba wanda zai tsaya ƙirga haƙora. Ya ce ta bar shi ya yi tunani. Kwana uku yana juya abin. Ya tambayi Hajo ko don wasan ta aure shi, ta ce gidansu ko talabijin babu, yayanta ne ya ce yana da kirki. A rana ta huɗu ya kira Bahijja ya ce a faɗi yadda aka yi, in Hashim ya yarda. Hashim ya ce Malam ya yi shekara goma sha ɗaya da rasuwa, shi kuma saura kaɗan ya yi ritaya, a faɗa.

Aka ɗauke su su uku a zauren Hashim, Uwani a tsakiya. Da aka zo kan maganar hanya kowa ya faɗi nasa, suka yi ta musu har Bahijja ta daina tambaya ta bar kyamara tana ɗauka. Haka ta saka shi, ba ta yanke ba.

Washegarin da aka nuna shirin, majalisar Ƙofar Ɗan Agundi ta rabu. Alhaji Mikail mai kayan gini ya ce aikin kwamfuta ne, yaran yanzu har gemu suna iya sa wa jariri. Wani dattijo da ya yi rini a marinar ya rantse mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma marigayi Ado ne. Maharazu ya yi bayani sau biyu, a na uku ya ga shi kansa ya fara cakuɗa nasa da na Uwani, sai ya bar su.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Hashim a ƙofar gidansa, fuska a murtuke.

"Ka ja min," ya ce. "Jiya na shiga aji shida, wani ya rubuta Shuɗi a allo. Malamai suna ganina suna sunkuyar da kai. Kai yaya ka yi da wannan abin shekara da shekaru?"

"Amsawa ake yi," in ji Maharazu. "In ka yi fushi ya fi bin ka."

Ya shimfiɗa masa tabarma, Hajo ta aiko da gurasa da ƙuli. Suna cikin ci Hashim ya zaro takardu naɗaɗɗu daga aljihu. Ya ce daraktan da Uwani take wa aiki ya aiko masa, wai yana son su biyu su fito a matsayin wa da ƙani da suke rigima a kan katangar gida. Ya ce ya riga ya ce a'a.

"To me ya sa ka taho da ita?"

"Don ka gani ne kawai." Ya warware takardun ya daidaita su a gwiwarsa. "Akwai wani wuri a shafi na huɗu da bai yi ba. Ƙanin ba zai faɗi haka ba."

Maharazu ya goge hannunsa, ya karɓa, ya nemi shafi na huɗu. "Karanta naka in ji," ya ce.

Hashim ya waiga ya tabbatar ba kowa a lungun, sannan ya gyara murya ya fara.